An Ci Ragon, Ritayar Ba Ta Zo Ba

Tun da damina ta kankama Malama Bara'atu ta daina tafiya irin ta mai ciwon gwiwa. Matar da a da sai ta huta a gindin mangwaron bakin tasha kafin ta ƙarasa makaranta, sai ga ta tana tsallake kwatami kamar budurwa, tana gaida mutane tun kafin su gaishe ta. Duk wanda ya san ta a Birnin Gwari ya san dalili. Shekarunta sittin sun cika, ƙarshen wata za ta ajiye alli. Ta koyar da 'yan aji uku, ta koyar da 'ya'yansu, yanzu har an fara kawo mata jikoki. Ta ce ya isa haka.

Shirinta a tsare yake. Mijinta, Malam Nababa, dillalin masara ne a kasuwa, yana da wata gonar gado wajen Tabanni, dab da bakin daji, wadda aka yi shekaru ba a taka ba saboda tashin hankali. Bana da hanya ta buɗe mutane suka fara komawa, sai ya sa aka share ta aka yi shuka. Bara'atu ta ce gefe guda nata ne: gyaɗa, kuɓewa, da ɗan riɗi. Za ta riƙa tashi lokacin da ta ga dama, babu ƙararrawa, babu kiran suna, babu jan biro.

Abin da ba ta shirya ba shi ne yadda bakinta zai buɗe a makonta na ƙarshe. Duk abin da ta haɗiye tun tana ƙaramar malama, sai ta ji yana taso mata a maƙogwaro, kuma ba ta ga dalilin mayar da shi ba.

Da hedimasta ta fara. Malam Abdulfattah mutum ne mai kirki, amma idan ya tsaya jawabin safe a gaban yara, rana ce take gajiya kafin shi. Ran Litinin ta bi shi har ofis, ta gaishe shi da ladabi, ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"Ranka ya daɗe, tunda tafiya zan yi, bari in bar maka wasiyya. Jawabinka na safe ya fi hanyar Kaduna tsawo. Yaran nan da kake gani suna faɗuwa a layi, ba aljanu ba ne, kai ne."

Hedimasta ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya mayar, ya ce ya gode. Ta fito tana jin kanta sakayau kamar wadda ta sauke buhun masara.

Daga nan abin ya zama mata kamar cin gyaɗa. Ta ce wa Malam Solomon, malamin lissafi, ɗan Gbagyi daga Kazage, agogon da ke hannunsa lokacin wata ƙasa yake nunawa, shi ya sa bai taɓa riskar ƙararrawar farko ba. Ta ce wa Malama Muslimat, wakiliyar ƙungiyar malamai, taronta bai taɓa haihuwar komai ba sai wani taron. Har sufeton da ya zo duba aiki ran Laraba bai tsira ba, ta gaya masa ta lura ba ya zuwa sai lokacin hutun tara, kuma ya fi leƙa tukunyar mai alale a kan ya leƙa aji.

Sannan ta shiga rabon kaya. Kujerarta mai matashi, wadda ta sa kafinta ya yi mata saboda bayanta, ta ba Malama Karima, ƙaramar malamar da ke aji ɗaya. Filas ɗin shayi ta ba maigadi. Lemarta ta ba mai shara. Ran Juma'a ta tsaya a ƙofar aji ta karya tsumagiyarta biyu, yara suna tafi, ta yi musu addu'a, ta tafi gida hannu rabbana.

Walima ran Asabar ce, bayan azahar. Malam Nababa ya kayar da rago mai ƙaho kamar na layya. An yi waina, an yi shinkafa da miya, ga zoɓo ga kunun aya a manyan robobi. Maza suna waje a kan tabarmi ƙarƙashin rumfa, hedimasta a tsakiyarsu, mata sun cika tsakar gida. Har Furera ta zo, Bafillatanar da ke kawo wa gidan nono tun yaran Bara'atu suna ƙanana. Rugarsu tana can bakin dajin Tabanni, ta taho da ƙwarya cike da kindirmo ta ce gudummawarta ke nan. Bara'atu ta sha leshi ruwan hoda, tana zagayawa tana cewa kowa ya ƙara, yau ba ranar kunya ba ce.

Malam Solomon, kamar yadda ya saba, bai iso ba sai da aka sauke tukunya ta ƙarshe. Ya jingine babur, ya ƙi zama, ya aika a kira masa Malama Muslimat zaure. Sun ɗan jima suna ƙusƙus, shi yana nuna mata waya. Da ta dawo tsakar gida, fuskarta ta kasa yanke shawara tsakanin jaje da murmushi.

Ta ce daga wajen wani ma'aikacin ofishin ilimi Solomon yake, kuma yanzu haka rediyo ma ta faɗa. Ƙarin shekarun ritaya da aka daɗe ana cewa za a yi wa malamai, daga sittin zuwa sittin da biyar, ya fara aiki. Duk wanda bai riga ya fita ba, yana ciki. Bara'atu kuwa a takarda sai ƙarshen wata za ta fita, ƙarshen watan kuma bai zo ba.

Cokalin wata ya faɗi a kan faranti. Bara'atu tana tsaye da ƙashin cinya a hannu. Ta zauna a kan turmi.

Karima ce ta fara magana, da zafi. Ta ce wannan ba adalci ba ne. Waɗanda suka zauna suka yanke abin nan, a ofis mai sanyi suka zauna, ba su san mace mai shekara sittin aiki biyu ta yi ba, na gwamnati da na murhu. Ta ce namiji ya tashi daga makaranta ya tafi majalisa ya miƙe ƙafa, mace kuwa daga alli sai muciya. In ma za a ƙara, ai sai a zo a gaya wa mutum baki da baki tun da wuri, ba a bari sai ya yanka rago ba. Kuma su ƙananan malamai fa, yaushe gaba za ta buɗe musu, ga yara sun gama kwaleji suna zaune a gida.

Muslimat ta gyara zama, ta ce a'a, a yi gaskiya. Tun bara ake wannan magana. An faɗa a rediyo, an faɗa a taro, an sa a guruf ɗin malamai na waya har mutane suka gaji. In kunne ya ji, jiki ya tsira, amma kunnen da mai shi ya toshe da kansa, gwamnati ba za ta zo da tsinke ta buɗe shi ba. Ta tambayi Bara'atu ko tana cikin guruf ɗin. Bara'atu ta ce ta fita tun azumin bara, saboda hotunan barka da Juma'a sun cika mata waya. Ta tambaye ta yaushe rabonta da taro. Bara'atu ta dubi ƙashin da ke hannunta.

Muslimat ta ce, cikin murya mai taushi, "Ashe dai taron nawa ya haihu, Malama. Ke ce ba ki zo suna ba."

Wata tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, Hajiya Auta, wadda ta daɗe da yin ritaya, ta ajiye kofin zoɓo ta ce su duka yara ne. Ta ce da ita aka yi wa wannan ƙari, da rawa za ta taka har kasuwa, domin albashi a hannu ya fi fansho a bakin mai sanarwa. Wata ta ce ai lafiya ta fi albashi. Wata ta ce lafiyar ma da me ake saye. Nan take tsakar gida ta rabu gida uku, kowa yana magana, ba mai sauraro, waɗanda ba su taɓa aikin gwamnati ba su suka fi ɗaga murya.

Furera tana gefe tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Da ta samu sarari sai ta tambaya wane ne yake ƙirga musu shekarun nan, kuma da me yake ƙirgawa. Ta ce ita dai an gaya mata an haife ta shekarar da fara ta cinye gero, ba ta san ko sittin ba ne ko saba'in, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ruga ya ce mata ta huta.

"Ni ritayata sai ranar da ƙwarya ta ƙi zama a kaina," in ji ta.

Bara'atu kuwa tana nan zaune a kan turmi. Ba gwamnati take tunani ba, ba gona ba. Daga bayan katanga ta jiyo gyaran muryar hedimasta, irin wadda yake yi idan zai fara jawabi, sai komai ya dawo mata a lokaci guda: wasiyyar, agogon Solomon, tukunyar mai alale, kujerar, lemar, tsumagiyar da ta karya yara suna tafi. Shekara biyar za ta yi tana gaida mutanen nan kowace safiya. Magana zarar bunu ce, ita kuwa ta zare jinka guda.

Dariya ta taso mata daga ciki. Ta toshe baki da gyale, ta ƙi tsayawa. Kafaɗunta suka shiga rawa, hawaye suka wanke kwallin da ta ɓata lokaci tana sawa. Mata suka zaci kuka take, suka taso rarrashi, sai ta nuna katanga da ƙashin, da ƙyar ta iya cewa, "Kuma yana can yana cin ragona." Karima ce ta fara kamuwa, sai Hajiya Auta, sai Muslimat wadda ta yi ta ƙoƙarin riƙe mutuncin ƙungiya har ta gaza ta kifa kai a cinyar Furera. Wata ta kifa ƙwarya a kan ruwa ta fara kaɗawa. Bara'atu ta miƙe ta ce tunda rago ba ya dawowa, a ci a yi rawa, duk wadda ta zo da goron sallama ta mayar da shi goron maraba. Maza a waje suka ji guɗa, suka ɗauka labarin daɗi ya yi mata.

Kafin a watse Muslimat ta ja ta gefe ta gaya mata sauran zancen. Ba dole aka yi wa kowa ba. Wadda take son tafiya a sittin ɗinta tana iya rubutawa ta tafi, wadda ta yi shiru ta zauna. Zaɓi nata ne.

Wannan ya fi labarin farko nauyi. Da an ce dole ne, da ta samu wanda za ta ɗora wa laifi har shekara biyar. Da la'asar sakaliya, ana kwashe tabarmi, ta tare Malam Nababa a zaure ta ce ya yanke mata. Ya ce shi dillali ne, tsawon rayuwarsa bai taɓa sallama kayan wani ba sai mai kaya ya ce a sallama. Amma in tana so, gobe su je ta ga gonar tata, tunda tun da aka yi shuka a baki kawai take noma ta.

Da safe suka hau babur. Rabon Bara'atu da hanyar Tabanni har ta manta. Masara ta kai kafaɗar mutum hagu da dama, ƙasa ja tana ƙamshin ruwan jiya, can gaba daji ya yi duhu da kore, ɗorawa da kaɗanya da maɗaci sun haɗa kai. Sun wuce mata ɗauke da itace, sun wuce 'yan ƙwadago da fartanyoyi a kafaɗa, kowa yana ɗaga musu hannu. Ta riƙe rigar mijinta tana waƙa a bayansa, har ya ce ta rage motsi kada ta kayar da su a taɓo.

A bakin gona suka tarar da shanun Jumare, mijin Furera, suna kiwo a burtali, shi yana tsaye da sanda a wuya yana tsare su kada su leƙa shuka. Aka gaisa, ya yi mata barka da hutu, domin labarin da matarsa ta kai masa bai gama fahimtarsa ba. Bara'atu ta ɗaura ɗamara da gyale, ta karɓi fartanya daga hannun wani ɗan ƙwadago, ta ce yau za su ga noman malamai.

Kunya ɗaya ta kama. Farkonta da waƙa, tsakiyarta da nishi. Ba ta kai ƙarshe ba bayanta ya riƙe. Ta yunƙura za ta miƙe, bayan nata ya ce bai san zancen ba. Ta tsaya a tanƙware kamar mai ruku'u, tana kallon gyaɗarta ido da ido, tana kiran Malam a hankali don kada 'yan ƙwadago su ji. Sun ji. Sai da Furera ta taho daga ruga, ita da Malam Nababa suka kama ta kamar ana ɗaukar garma, suka kai ta inuwar ɗorawa suka kwantar. Furera ta dama mata fura da nono, ta zauna tana danna mata baya da gwiwar hannu, tana dariya tana cewa wannan bayan na kujera ne, ba na kunya ba.

Tana kwance ta ga abin da ba ta gani daga tagar aji. A gonar da ke maƙwabtaka da su wasu mata biyu suna cirar ciyawa, kowacce ta girme ta, ba mai yi musu ƙari, ba mai yi musu ragi. Ta yi ta kallonsu. Sannan lokacin abinci ya yi, 'yan ƙwadago suka taso a guje suka rufe ƙwaryar fura, sai ta ji wata murya tana cewa a yi layi, ƙarami a gaba, kowa ya nuna hannunsa ko ya wanke. Muryarta ce. Ƙarti masu gemu suka yi layi kafin su ankara, biyu daga cikinsu ma ɗalibanta ne na da. Malam Nababa ya juya baya yana duba masarar da ba abin da ya same ta.

A hanyar dawowa ta gaya masa ta yanke. Za ta koma. Ba wai don ta yarda gwamnati ta kyauta ba, har gobe tana tare da Karima cewa ya kamata a tambayi mata kafin a taɓa musu shekaru. Kuma ta yarda da Muslimat cewa kunnenta ita ta toshe shi. Gona kuwa tana nan, ran Asabar za ta riƙa zuwa ta ba da umarni daga inuwa. Ya ce Allah ya sa albarka, ya ƙara wuta.

Ran Litinin ta isa makaranta kafin kowa, ta laɓe a bayan layin 'yan aji uku. Hedimasta ya hau dakali, ya yi gyaran murya, yara suka gyara tsayuwa irin ta masu shirin doguwar tafiya. Ya ce an turo musu sabuwar malama, sunanta Malama Bara'atu, yana fata za a ba ta haɗin kai. Ya ce a shiga aji. Yara suka tsaya suna kallon juna, sai da ya maimaita.

Lokacin tara aka aiko kiranta ofis. Ta tarar da malamai duka a zaune, har Solomon. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta fara jero ban haƙuri, cewa sharrin shaiɗan ne da zumuɗin tafiya. Hedimasta ya ɗaga hannu ya tambaye ta ko a cikin abin da ta faɗa akwai ƙarya. Ta ce babu.

"To, ba a janye gaskiya," in ji shi. "Sai dai mu ma muna da wasiyya. Da mun bar ki kin tafi da ita a rufe saboda girmanki. Tunda kin dawo, zauna."

Ta zauna a kan benci. Shi ya fara. Ya ce rubutunta a allo yakan fara daga sama ya gangara kamar mai neman rafi, har yaran da suka fito daga ajinta a karkace suke riƙe littafi. Solomon ya ce bayan tara takan yi barci ido buɗe, kuma duk makarantar an sani, don yara sukan yi shiru ne saboda tausayi, ba tsoro ba. Muslimat ta ce shekara da shekaru tana kiran kowane yaro Muttaka, har mata. Karima, wadda ta fi kowa jin nauyinta, ta sunkuyar da kai ta ce labarin tafiyarta Zariya kwas, wanda motarsu ta lalace a hanya, sun ji shi har sun haddace, kuma kullum motar ƙara nisa take yi.

Bara'atu ta gyara zama za ta kare kanta. Ta ce batun Muttaka ƙari ne. Aka leƙa waje aka kira wata yarinya 'yar ajinta, aka tambaye ta da wane suna Malama take kiranta. Yarinyar ta faɗa. Ofis ya kece da dariya, Bara'atu ce kan gaba, tana dukan benci tana cewa Allah ya isa tsakaninta da su, ashe shekarun nan duk da munafukai take zaune. Hedimasta da kansa sai da ya cire tabarau ya share ido. Karima ta ce za ta dawo mata da kujera, Bara'atu ta ce a'a, kyauta ba ta komawa gida, benci ma ya ishe ta, ko ba komai zai hana ta barcin.

Gardamar kuwa ba ta mutu ba. Kafin a koma aji Karima da Muslimat sun sake ɗaukar ta daga inda suka ajiye, ɗaya tana cewa laifin masu doka ne, ɗaya tana cewa kowa ya kula da kansa, kowacce tana jan Bara'atu ta zama shaidarta. Ta ce su bar ta, ita yanzu sabuwar malama ce, ba ta san kan makarantar ba tukuna.

Ana cikin darasin ƙarshe hadari ya haɗo daga wajen daji, ruwa ya sauko a kan kwano da ƙarfin da ko kanka ba ka ji. Karatu ya gagara. Ta ajiye alli, ta tafa hannu, ta ɗauko wata waƙar gaɗa da suke yi tun suna 'yan mata, yara suka karɓa, suka ture bencina gefe. 'Yan aji biyu suka jiyo ta bango suka shigo da malaminsu. Ta shiga tsakiya ta taka, ta juya, ta sake takawa, har gwiwar ta tuna mata da kanta. Da aka tashi Malam Solomon ne ya goya ta a babur ya kai ta gida, tana zaune a karkace, ƙafa ɗaya a miƙe. Malam Nababa ya fito zaure ya dube ta, ya koma ciki neman man zafi, ita kuma ta ɗaga murya ta ce a jiƙa mata wake, gobe da ƙosai za ta tafi.